Neman Shawara: Sunan da Na Ajiye Yana Amsa Kowane Kira

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na sayi sunan yanki na intanet domin wata sana'a da ban fara ba tukuna, sai na bar shi a hannun wani kamfani da ke riƙe irin waɗannan sunaye yana ɗora musu talla. Jiya da dare na gwada rubuta haruffa barkatai a gaban sunan, har da waɗanda ba su da ma'ana ko kaɗan, amma kowanne sai ya buɗe shafin tallan nan. Wani abokina kuma ya aika wasiƙar imel zuwa sunan bisa kuskure, bai sami labarin cewa ba ta isa ba sai bayan kwanaki. Shin wannan bai saɓa wa ƙa'idar DNS ba, wato tsarin da ke haɗa sunayen intanet da adireshinsu, kuma me ya kamata in yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka gani aikin alamar tauraro (*) ne, wadda ake sawa a farkon suna domin ta amsa a madadin duk sunan da ba a rubuta ba. Ba laifi ba ne, domin takardar ƙa'idar intanet RFC 1034 ta 1987 ta tanade ta, RFC 4592 ta 2006 kuma ta ƙara fayyace ta. Sharaɗin shi ne tauraron ba ya rufe sunan da yake akwai, ko da bayani ɗaya tak aka rubuta masa. Inda wasu masu ajiye sunaye ke kaucewa shi ne su saita sabarsu, wato kwamfutar da ke amsa tambayoyin suna, ta ba da adireshi ɗaya ga duk tambayar da ta zo, har kan yankunan da ba a damƙa musu ba. Tambayi sabar tasu wani sunan da ba nasu ba. Idan ta amsa da adireshin tallan, to ba tauraron ƙa'ida suke amfani da shi ba.

Amsa ta biyu: Ina ganin batun wasiƙar ya fi komai muhimmanci. Idan suna ba shi da bayanin MX, wanda ke nuna inda za a kai wasiƙunsa, sabar mai aikawa takan koma ga adireshin shafin, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba mai buɗewa har kwana huɗu ko biyar kafin ta haƙura. Da amsar NXDOMAIN ta samu, wato babu wannan suna, da nan take wasiƙar ta dawo. Matsalar tauraro ta fito fili a Satumba 2003 lokacin da VeriSign, kamfanin da ke riƙe da .com da .net, ya ɗora shi a kan .com da .net gaba ɗaya, matatun wasiƙun banza suka rikice, har ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta tilasta masa janyewa a farkon Oktoba. An taɓa yin irinsa a .cm na Kamaru a 2006, saboda masu mance harafin "o" idan za su rubuta .com.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To, in cire sunan daga hannunsu ke nan?

Amsa ta biyu: Idan kuɗin tallan bai taka kara ya karya ba, mayar da shi sabar da kake iko da ita, ka goge tauraron. Idan kuwa za ka bar shi, nemi a sa maka MX na wofi da RFC 7505 ta bayyana, wanda ke shaida cewa sunan ba ya karɓar wasiƙa, a kan ainihin sunan da kuma kan tauraron, domin na farkon ba ya kare sunayen da ke ƙarƙashinsa.