Allo, Rediyo da Linzamin Kwamfuta

Malamin Sakandare, Kano:
Assalamu alaikum. Na tuna Maris na 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu, darasi ya koma rediyo. Mai amsa, bismillah.

An sa kwaɗo a ƙofar makarantu,
Rediyo ya karɓi ragamar karatu,
Yara sun kewaye shi suna rubutu,
Bai ga wanda aka bari a baya ba.

Ni na san yaron da bai karya ba,
Tun daga ƙofa idonsa bai ɓoye ba,
Na san wadda ta gane, ba ta furta ba,
Kunya ta danne ta, hannu bai tashi ba.

Ɗaliba daga Zariya:
Allah ya gafarta Malam, a yi mini uzuri. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, ga abin da na gani da idona.

Na zauna kusa da wani ɗan ƙauye,
Lissafi a kansa yake a ajiye,
Ya ɗaga linzami sama yana waige,
Bai taɓa riƙe irinsa a hannu ba.

Agogo na ci, gumi na zuba,
Ya san amsa, bai san inda zai taɓa ba,
Malaminsa ya so shi, ban musa ba,
Amma son bai kunna masa na'ura ba.

Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Gardi daga Damagaram:
Ni ɗan tsangaya ne, ga tawa.

Da zuge na dafa tawada, na fiƙe alƙalami,
Waya na biya mini Warshu ko da tsakar dare,
Amma ranar darasu sai gaban malami,
Shi ke jin harafin da harshena ya karkace.

Na wanke allo, ban wanke muryarsa ba.

Uwar 'ya'ya huɗu, Gusau:
Ku yi haƙuri, ni ban iya awon baiti ba.

Waya ɗaya ce a gidanmu, tana aljihun maigida,
Ya fita kasuwa da ita, sai bayan isha,
In ya dawo ba wuta, sai rumfar mai caji,
Kuɗin data kuwa na cefane yake ci.
Wa zai koya wa 'ya'yana da waya irin wannan?

Malamin Sakandare, Kano:
'Yata ta Zariya, kin taɓa ni inda ke ciwo. Hajiya, maganarki ma ta zauna.

Ina da tsohuwar kwamfuta a ɗaka,
Ƙura ta rufe ta, batirinta ya yi laushi,
Ran Asabar zan goge ta in sa a jaka,
'Yan aji shida su zo, kowa ya riƙe linzami.

Zan tsaya a bayansu, hannuna a kan nasu,
Wanda ya ji tsoro in ce masa "danna, ɗana".
Hajiya, da kuna kusa da na ce ki turo su,
Bari in tambayi abokin aikina na Gusau ko zai karɓe su.