Don Allah masu zane ku taimaka, kalar da nake haɗawa da jan ƙasa tana zubewa

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abun ne ya tsaya mini a rai. Ni asali rubutun alluna na koya wajen kawuna, allon shago, allon lekol, bayan mota, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu kuma shi kawun duk rayuwarshi fentin gwangwani ya sani, a sirka da isansi a shafa a wuce. Da injinan buga hoto a leda suka cika Maradi aiki ya mutu, kawu ya koma noma wajen Tibiri, ni kuma na fara zanen tablo cikin gida duk da ya ce mini wahalar banza ce. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 akirilik ɗin (fentin zane da ake sirkawa da ruwa) da ake kawo mini ta Katsina ya yi wuya ya yi tsada, sai na ce me zai hana in haɗa nawa. Na ɗebo jan ƙasa bakin Gulbi, na samo farar ƙasa da gawayi, na daka na tankaɗe da siririn ƙyalle, na dama da ƙaro yadda ake tawadar allo. Wallahi jan da ya fito babu shi a gwangwani, ja ne mai nauyi na tsohuwar katanga. Na gwada sobo ma da karan dafi.

To wata hajiya ta sayi ɗaya ta rataya a falo, bayan damina ta aiko a maido mini wai ya tsattsage yana zubar da gari, inda aka goge da jiƙaƙƙen tsumma kuma ya tafi gaba ɗaya, wurin sobon ya koma toka-toka. Tana son kuɗinta. Ga wani mai shago a Yamai ya ce in aiko mishi guda shidda, sai an sayar ya biya ni. Me zan sa kalar ta kama, kuma in aika ko kar in aika?

Baba Mai Alluna: Yaro, ƙaro ka ce? Tawadar allo ai don a wanke ta aka yi ta, almajiri ya rubuta yau ya wanke gobe. Ka ɗauki abin da aka yi don wankewa ka sayar wa mutum ya rataya? Allunan da na rubuta cikin babbar kasuwa suna nan rana ta duka ruwa ya duka. Ka koma fentin mai, magana ta ƙare. Kuma ka maida wa matar mutane kuɗinta.

Na Zariya: ka gwada damawa da man gyaɗa mana, ga shi nan birjik garin nan, tunda Turawa ma da mai suke nasu

Malama Mai Zayyana: A'a don Allah kar ka sa man gyaɗa, ba ya bushewa, zai zauna danƙo-danƙo ya kwashe ƙurar hunturu duka. Man da masu zane ke sawa daban ne, man lin, wato man da ake tatsa daga irin wani tsiro mai suna lin, shi ke daskarewa in ya sha iska. Ƙanena, ƙasarka ba ta da laifi, jan ƙasa da gawayi ba sa kodewa, zanen duwatsu na da can ma da su aka yi. Ƙaron ne matsala, ruwa na narkar da shi ko bayan ya bushe, in ka yi kauri kuma ya tsage, shi ya sa masu kalar ruwa ke ɗiga zuma kaɗan ciki kuma a takarda suke yi, a sa bayan gilashi. Ka gwada farin gam ɗin kafintoci ka sirka da ruwa, ko gwaiduwar ƙwai zalla ban da farin, amma ita kan katako take so ba yadin da ke lanƙwasa ba, kuma shafa siriri siriri. Sobo kam ka haƙura, haske na cinye shi. Amma ba ka faɗa mana a kan me ka zana ba, yadi ne ko katako, kuma ka shafa mishi alli da gam tukun?

Ɗan Mokoyo: Na gode Malama. Amma gam ai na kanti ne, ni abin da nake so duk abin da ke jikin tablon ya zama na ƙasar nan, shi ne ma abin da nake gaya wa masu saye. Kuma Baba da girmanka, ni na gaya wa hajiyar kar a taɓa da ruwa, ba a wanke zane.

Baba Mai Alluna: Ka gaya mata, ka gaya wa damina? Laimar watan Agusta kaɗai ta isa. Ku yaran yanzu kuna ganin abu a waya ku ce kun ƙirƙiro. Mu sai da muka yi shekaru muna wankin buroshi kafin a bar mu mu ja layi ɗaya.

Baduku Bagalam: Maganar Yamai nake so in yi. Kar ka aika. Ni na ba wani jakunkuna da takalma na fatar jar akuya zalla, rinin karan dafi, a kan sai an sayar, yau in na kira wayarshi a kashe gobe ya ce baƙi ba su zuwa yanzu, ƙarshe rabin kayan suka dawo rana ta cinye kalarsu, kuɗin mota ma ni na biya. Aikin hannu a ƙasar nan ba shi da daraja, mutum zai taya maka aikin sati da jikka biyu ya tafi ya sayi na roba ba ko ciniki. In ba rabin kuɗi hannu ba, kayanka su kwana ɗakinka.

Maman Biyu: Ni dai na ce ka aika, a Maradi wa zai sayi tablo in ba hoton aure ko na mai gidan da ya rasu ba? Can Yamai akwai cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata, akwai gidan tarihi na Bubu Hama, masu sha'awar abun can suke. Ku rubuta takarda kawai ku sa hannu da shaida.

Na Zariya: tambaya, ba dai masu rai kake zanawa ba ko? don malamai sun yi magana a kai

Ɗan Mokoyo: Rumbuna ne da katangu da dagi, sai wani lokaci mata daga baya ba fuska. Ba wannan ya kawo ni ba.

Malama Mai Zayyana: Har yanzu ba ka amsa ba, yadi ko katako? In kana son na gida zalla ƙwai ai na gida ne, kuma ka tambayi tsofaffin magina yadda suke makuba da ɓawon ɗorawa, ita ke kare musu yaɓe daga ruwa.

Baba Mai Alluna: Ƙwai! Kyankyasai da tururuwa su yi biki. Yarinya wannan karatun littafi ne. Ya zo shagona in nuna mishi fenti uku, wata guda ya fara cin abinci da hannunshi.

Ɗan Mokoyo: Baba ai fentin nan naku na baro, da yana ciyarwa kawu bai koma gona ba. Ni na san ƙaron da na samu ne ba mai kyau ba, akwai wani fari tas da aka ce ana kawowa daga gabas, shi zan nema. Mai shagon ya sake kira ɗazu yana so kafin ƙarshen wata, hajiya kuma ta aiko direbanta.

Baduku Bagalam: nawa ma ta saya?