Neman shawara: yadda zan haɗa tawagar gasa ta farko a wasan Pokémon ba tare da na ajiye Charizard ba

Abdul Basit, Nima:

Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya sha mini kai. Matasan unguwarmu sun shirya gasar Pokémon bayan Babbar Sallah, za a yi ta a Pokémon Showdown, shafin intanet da ake karawar Pokémon a kansa, bisa dokokin OU, wato rukunin dodannin da aka fi amfani da su, na zamanin wasannin Scarlet da Violet, inda kowa zai zo da dodanni shida, ana karawa ɗaya da ɗaya har sai na mutum guda sun ƙare. Tun ina yaro nake buga wasan, kuma na saba cinye shugabannin da kwamfuta ke sarrafawa cikin sauƙi, amma da na fara gwaji da mutane sai na ga abin ya sha bamban, domin sau da yawa kafin in gane inda aka dosa an riga an kayar mini da rabin tawaga.

Waɗanda na zaɓa su ne Charizard, Dragonite, Garchomp, Gyarados, Gengar da Lucario, kuma kowannensu na ba shi hare-hare huɗu mafi ƙarfi da na samu. Abin da ya fi damuna shi ne wasu duwatsu da abokan karawa ke warwatsawa a ɓangarena tun farkon wasa, waɗanda ke cinye rabin ran Charizard da zarar ya shigo fili. Ina roƙon ku nuna mini ta inda zan faro gyara. Roƙona guda ɗaya ne: kada a ce in cire Charizard, domin da shi na fara wasan nan, kuma ina so in shiga gasar tare da shi.

Malam Sani, Maamobi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Dodanninka shida babu na banza a cikinsu, matsalar ita ce dukansu aiki ɗaya suke yi, wato kai hari. Ko da Mohammed Kudus goma sha ɗaya ka samu, dole wani ya tsaya a raga, wani ya tsare baya. Kafin ka zaɓi kowa, ka fara amsa tambaya guda: da wane dodo nake sa ran gama wasan, kuma mene ne zai hana shi? Sauran biyar ɗin ana zaɓar su ne domin su kawar masa da abin da zai hana shi.

A cikin naka, wanda ya fi cancanta a gina tawaga a kansa shi ne Dragonite. Baiwarsa ta Multiscale tana rage rabin raunin duk harin da ya same shi matuƙar ransa a cike yake, saboda haka yakan samu damar yin Dragon Dance, wanda ke ƙara masa ƙarfin duka da sauri a lokaci guda. Daga nan sai Extreme Speed, harin da ke riga kusan kowane hari fita komai saurin abokin gaba. Ƙarfinsa 80 ne, amma idan ka yi amfani da Tera, dabarar da ke canza wa dodo nau'i, ka mayar da Dragonite nau'in Normal, harin zai samu ƙarin rabi saboda ya zama nau'insa, kuma raunin da yake da shi ga Ƙanƙara zai gushe. Ka ƙara masa Earthquake da Roost mai mayar masa da rai, ka bar sauran hare-haren.

Duwatsun da ka ambata sunansu Stealth Rock. Asalin abin da suke cirewa kashi ɗaya cikin takwas ne na ran duk wanda ya shigo, amma lissafin yana bin raunin dodon ga nau'in Dutse. Charizard Wuta ne kuma mai tashi, rauninsa ya ninka sau huɗu, shi ya sa rabi ke tafiya. Dragonite da Gyarados kowanne yana rasa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ga Dragonite asarar ta fi haka, tunda da zarar an taɓa ransa Multiscale ta daina aiki. Ka duba kuma: Garchomp da Dragonite duka suna shan ninki huɗu daga Ƙanƙara, Gyarados yana shan ninki huɗu daga Lantarki, Charizard ninki biyu. Wanda ya ga tawagarka a allon farko ya riga ya san da me zai yaƙe ka.

Maganin duwatsu iri biyu ne. Na farko takalmin nan da ake kira Heavy-Duty Boots, wanda ya shigo tun zamanin Sword da Shield a 2019. Duk wanda ke riƙe da shi duwatsu ba sa taɓa shi. Na biyu dodon da zai share su, kuma Great Tusk da Rapid Spin ɗinsa ya dace da kai ƙwarai, domin harin Dutse kusan ba ya yi masa komai, kuma shi ma yana iya shimfiɗa wa abokin karawarka irin waɗannan duwatsu.

Hajara, Madina Zongo:

Yaya Abdul Basit, ina goyon bayan Malam Sani a kan Dragonite, amma ina ganin akwai matakin da ya kamata ya gabata. Smogon, waɗanda su ne suka tsara dokokin OU, suna wallafa samfurin tawagogi da ƙwararru suka haɗa suka gwada. Ka ɗauki guda ka yi wasa da ita na ɗan lokaci ba tare da ka canza komai ba. Amfanin haka shi ne idan aka cinye ka, za ka tabbata ba daga tawagar ba ne, daga shawarar da ka yanke a fili ne, kuma za ka koyi abin da ya fi kowanne wuya ga sabon shiga, wato sanin lokacin janye dodo a shigo da wani. Mu da muka taso da wasan labari mun saba da danna hari kawai, domin kwamfuta ba ta cika janyewa ba. Mutum kuwa zai janye, kuma Earthquake ɗinka zai faɗa kan mai tashi ya tafi a banza.

Bayan kowane wasa ka adana maimaicinsa ka sake kallo, ka nemi zagayen da wasan ya kuɓuce maka. Galibi za ka tarar ya kuɓuce tun da wuri, kafin ka lura.

Nuruddin, Sabon Zongo:

Ni ban yarda a riƙa tsoratar da yaro game da dodon da yake ƙauna ba. A gasar duniya ta 2014 a birnin Washington na Amurka, Se Jun Park ɗan Koriya ta Kudu ya zama zakara da Pachirisu, ɗan ƙaramin dodon da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci, kuma a tawagarsa akwai Gyarados da Garchomp, waɗanda kai ma kake da su. Ka riƙe Charizard ɗinka, ɗan'uwa.

Malam Sani, Maamobi:

Nuruddin, labarin gaskiya ne, amma a cika shi. Waccan gasa ta bibbiyu ce, kuma an kawo Pachirisu ne saboda aiki takamaimai. Yana da Follow Me, wanda ke janyo hare-haren abokan gaba zuwa kansa, kuma baiwarsa ta Volt Absorb tana shanye harin Lantarki, wato ainihin abin da Gyarados ya fi tsoro. Saboda haka Gyarados ya samu sararin yin Dragon Dance a gefensa. Ƙauna ba ta hana komai, amma sai an samar wa abin ƙaunar aikin yi.

To, wane aiki Charizard zai yi wa Dragonite? Na zauna na duba, kuma akwai shi. Babban mai tare Dragonite irin wanda na siffanta shi ne Corviknight da ɗan'uwansa Skarmory: Ƙarfe ne masu tashi, Extreme Speed ba ya ratsa su sosai, Earthquake kuwa ba ya taɓa su sam. Wuta ce maganinsu. Idan Charizard ya saka takalmi, ya riƙa shigowa duk lokacin da ɗayansu ke fili, ko dai ya ƙona shi ko ya tilasta masa gudu, kuma kowace gudu tana ba ka hari kyauta a kan wanda ya maye gurbinsa. Zan faɗi gaskiya cewa akwai waɗanda suka fi shi iya wannan aiki, kamar Heatran da Cinderace, kuma za ka ji bambancin idan ka haɗu da gwanaye. Amma aiki ne na haƙiƙa, kuma ya isa ya ba shi gurbi. Na fi son ka ba shi Flamethrower mai ƙarfi 90 wanda ba ya kuskure, maimakon Fire Blast mai ƙarfi 110 da ke samu sau 85 cikin 100, domin a gasar da ake fita da zarar an sha kaye, kuskure ɗaya yana iya mayar da kai gida.

Zainab, Aboabo a Kumasi:

Ba a yi maganar lambobi ba, kuma nan ne sababbi suke barin ƙarfi a ƙasa. Kowane dodo yana da makin horo har 510 da za a raba masa, ba a wuce 252 a fanni ɗaya, kuma a mataki na 100 kowane maki huɗu yana ƙara lamba ɗaya. Ga mai kai hari, hanya mafi sauƙi ita ce 252 a ƙarfin duka, 252 a sauri, ragowar shida, waɗanda huɗu kawai ke da amfani a cikinsu, a duk inda ka ga dama. Sannan akwai ɗabi'a, iri 25 ne, yawancinsu suna ƙara kashi goma cikin ɗari a wani fanni su rage kashi goma a wani. Dragonite ka ba shi Adamant, wadda ke ƙara duka ta rage harin tsafi, wato Special Attack, da ba ya buƙata. Charizard kuwa Timid, wadda ke ƙara sauri ta rage duka.

Dalilin da ya sa nake nanata sauri shi ne lamba ɗaya tak tana yanke wanda zai fara. Charizard mai asalin sauri 100 iyakarsa 328 ne, Garchomp mai 102 yana kai 333, don haka idan suka haɗu kuma Garchomp na ɗauke da harin Dutse, Charizard ba zai samu ko motsawa ba. Dragapult mai 142 yana kai 421, ya wuce su duka. Shi ya sa ake son tawaga ta samu guda ɗaya mai riƙe da Choice Scarf, wanda ke ƙara rabin sauri amma ya ɗaure dodon a kan hari ɗaya har sai ya fita. Gholdengo ya dace da wannan: Ƙarfe ne kuma Fatalwa, yana jure Ƙanƙara da Fairy da Dutse, kuma Rapid Spin ba ya aiki a kansa, saboda haka duwatsun da Great Tusk ya shimfiɗa za su daɗe. Showdown yana da na'urar lissafin rauni. Kafin ka amince wani hari zai kashe, ka shigar da lambobin ka gani da idonka.

Ustaz Hamza, Fadama:

Ƙanena, abu ɗaya zan ja hankalinka a kai domin gaba. Dokokin OU na masu sha'awa ne. Gasar da kamfanin Pokémon ke shiryawa da kansa, wadda ake kira VGC, ta bibbiyu ce: ka kawo shida, ka zaɓi huɗu, duka a mataki na 50, kuma ba a yarda dodanni biyu su riƙe kaya iri ɗaya ba. A OU Charizard da Dragonite za su iya saka takalmi su biyu, a can ba zai yiwu ba, kuma ma a can duwatsu ba su da tasiri sosai, ana dogara ne da Protect da Fake Out da Tailwind. Idan wata rana ka yi sha'awar wancan fage, sabon gini za ka yi. A yanzu kada ka yi gaggawar zuwa Circle neman Nintendo Switch saboda wannan gasa, tunda Showdown kyauta ne kuma yana buɗewa a waya. Ka dai tabbata ranar gasa wayarka cike take da caji kuma kana inda intanet ke da ƙarfi, domin idan aka kunna agogo layi ya yanke, lokacinka zai ci gaba da tafiya har a ba abokin karawarka nasara.

Abdul Basit, Nima:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na ɗauki samfurin tawaga kamar yadda Hajara ta ce, ina gwaji da ita, a gefe kuma ga abin da na tsara: Dragonite da Charizard da takalmi, Great Tusk mai sharewa, Gholdengo da Choice Scarf, Garchomp mai shimfiɗa duwatsu, sai Rotom-Wash domin na ga yana da Volt Switch, wanda ke kai hari ya fice, abin da zai ba ni damar shigo da Charizard ba tare da ya sha duka ba. Gyarados da Gengar da Lucario na ajiye su. Malam Sani, ko akwai sauran ɓaraka?

Malam Sani, Maamobi:

Madalla, yanzu kowa ya samu aiki, kuma Rotom-Wash zaɓi ne mai kyau. Ka ba shi Will-O-Wisp, domin ƙuna tana rage rabin ƙarfin dukan abokin gaba, kuma hakan zai sauƙaƙa wa Dragonite samun damar yin rawarsa. Amma ɓaraka ɗaya ta rage, kuma babba ce: Dragonite, Garchomp da Great Tusk duk ukun suna da rauni ga Ƙanƙara, duk ukun kuma suna da rauni ga Fairy. Idan Gholdengo ya faɗi, Iron Valiant guda ɗaya da Moonblast zai iya bi ta kan rabin tawagarka. Tunda Great Tusk na iya ɗaukar Stealth Rock da Rapid Spin tare, Garchomp ba shi da aikin da ya keɓanta da shi. Ka maye gurbinsa da Slowking na Galar, wanda Guba ne yana jure Fairy, yana shanye harin tsafi, baiwarsa ta Regenerator tana mayar masa da kashi ɗaya cikin uku na ransa duk lokacin da ya fita, kuma Chilly Reception ɗinsa wata hanya ce ta shigo da Charizard lafiya, tunda shi mai nawa ne, shi zai sha dukan kafin ya ba da wuri.

Ka kuma kiyaye abu biyu a fili. Tera sau ɗaya ake yi a wasa, don haka ka adana ta domin Dragonite sai dai idan wasan zai kuɓuce ba tare da ita ba. Sannan idan Gholdengo na abokin karawa ya shigo da Air Balloon, Extreme Speed ba zai taɓa shi ba saboda Fatalwa ne, Earthquake ma haka saboda balan-balan ɗin ya ɗaga shi daga ƙasa, sai ka fara fasa balan-balan ɗin da wani kafin Dragonite ya fito. Ka gyara tawagar, ka turo mini maimaicin wasanni uku da ka sha kaye a cikinsu kafin Juma'a, mu duba su tare bayan La'asar.