Shiga aji biyu a sashen lissafi: me zan fi ba ƙarfi?

Ɗan Agege: Salam 'yan uwa. Zan shiga aji biyu a lissafi, Jami'ar Legas (UNILAG). Da ƙyar na tsallake Kalkulus. In haɗa kwasa-kwasan Riyal Analisis da Liniya Aljabra a zango ɗaya, ko in jinkirta ɗaya?

Yayar Idi-Araba: Ƙanena, yawancin kwasa-kwasan aji biyu dole ne, zaɓinka kaɗan ne. Analisis kuwa kafa hujja ne zalla, ba buga lambobi ba. Maimaita darasin limit na Kalkulus (wato ƙimar da lissafi ke ta kusantarta) a hutun nan, don daga nan ake farawa.

Malam Obalende: Liniya Aljabra kar ka taɓa jinkirta ta, darussan aji uku da yawa a kanta suke tsaye. Je wurin malamin da ke kula da ajinku ka duba littafin sashe.

Ɗan Agege: Na gode. Gobe zan je Akoka, inda jami'ar take, in cunkoson Oshodi ya bar ni.