Wata bakwai bayan bugun zuciya, ƙirjina bai daina ciwo ba

Mai Hatsi, Mabera

Assalamu alaikum. Ɗana ne ke rubutawa, ni nake faɗa masa, don idona ba ya son ƙananan rubutun waya.

Shekarata 54, gero da dawa da wake nake sayarwa a tsohuwar kasuwar Sakkwato. Wata bakwai ke nan, bayan la'asar, ina ƙirga buhuna sai na ji kamar an aza mini dutsen niƙa a ƙirji. Zufa ta jiƙa rigata sharkaf, hannun hagu ya yi nauyi, ciwon ya hau har muƙamuƙi. A asibiti aka yi ECG, wato gwajin na'ura mai zana yadda zuciya ke bugawa, aka ɗibi jini sau biyu don gwajin troponin, sinadarin da ke nuna ko zuciya ta ji rauni, likita ya ce bugun zuciya ne, ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Kwana tara na yi a gado. Aka sallame ni da aspirin, clopidogrel, atorvastatin, bisoprolol, da 'yan ƙwayoyin da ake sakawa ƙarƙashin harshe in ciwon ƙirji ya taso.

Alhamdu lillahi ina raye, amma ciwo bai bar ni ba, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke shaƙe ni in na yi saurin tafiya masallaci da asuba, musamman yanzu da hunturu ya kankama. In na tsaya na jingina da bango minti biyu ko uku sai ya sake ni. Akwai mai suka kamar tsinke a gefen ƙashin ƙirji in na duƙa awo. Sai kuma ƙuna bayan tuwon dare.

Sau biyu na je wani asibitin kuɗi. ECG lafiya lau. Likitan farko ya ce olsa ce. Na biyu ko rigata bai ce in ɗaga ba, ya ce, Alhaji damuwa ce, a rage tunani. To wa zai rage tunani alhali ƙirjinsa na tuna masa da kabari kowace safiya? Wani mai kemis ya ba ni diclofenac, shi nake sha in sukan ya matsa. Ƙwayoyin ƙarƙashin harshen kuwa suna nan a aljihuna tun ranar sallama, amma yanzu in na sa ba na jin sun yi mini wani aiki. Wa ya taɓa shiga irin wannan hali? Wane gwaji ya rage?

Nas a ɗakin masu ciwon zuciya

Wa alaikumus salam Baba. Don Allah diclofenac ɗin nan a ajiye shi yau. Shi da ibuprofen suna ƙara haɗarin sake samun bugun zuciya, kuma a kan aspirin da clopidogrel suna iya sa ciki zubar da jini. Wataƙila ma yana cikin abin da ke jawo ƙunar daren. Paracetamol ya fi muku aminci.

Cikin ukun da kuka lissafa, na hanyar masallaci ne ya tsaya mini a rai. Ciwon da ke zuwa da tafiya ko sanyi, ya tafi da hutu, shi likitoci ke kira angina: zuciya na neman jini fiye da abin da ƙuntatacciyar jijiya ke iya kai mata. Kuma ECG da aka yi mutum yana kwance ba ya jin ciwo sau da yawa yakan fito lafiya ko da matsalar na nan. Shi ya sa ake gwajin da mutum ke tafiya a kan na'ura ana kallon zuciyar, ko angiyogiram, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matsematsi, a zuba ruwa mai fitowa a hoto a ga inda ta matse. Mai sukan da ke zuwa da duƙawa, in kun danna wurin da yatsa ya yi zafi, galibi na ƙashi da nama ne.

Ku koma wajen likitan zuciya, ba kowane likita ba. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan kuwa ciwon ya zo kuna zaune, ko ya kai minti goma bai saki ba bayan kun sa ƙwaya, ko ya zo da zufa da amai, kar a jira ranar ganin likita. A ɗauke ku nan take, kuma kar ku tuƙa da kanku.

'Yar Arkilla

Allah shi ba da lafiya Alhaji. Maigidana ya yi nasa shekara biyu da suka wuce. Sati uku da sallama wani ciwo ya taso, in ya kwanta rigingine ko ya ja numfashi sai ya ƙaru, in ya zauna ya sunkuya gaba sai ya lafa. A zaune yake kwana rungume da matashi. Mun ɗauka wani bugun ne, ashe jakar da ke lulluɓe da zuciya ce ta kumbura. Da magani ya warke.

Abin da ya taimake mu shi ne littafi. Na sayi na 'yan makaranta mai shafi arba'in, duk sanda ciwo ya zo in rubuta lokaci, abin da yake yi, minti nawa, me ya kwantar da shi. Gaban likita mutum kan rikice, ya ce ƙirji na ciwo kawai ya yi shiru. Maganar damuwa kuma ba ƙarya ba ce, ni na ga namiji babba yana tsoron barci. Amma ai sai an duba sauran kafin a aza wa damuwa laifi.

Ɗan Wamakko

Alhaji ka riƙe zuma da tafarnuwa da habbatus sauda, safe da yamma. Wanga maganin Bature wata bakwai mi ya yi maka? Ka huta da shi ka gani.

Mai harhaɗa magunguna, Gawon Nama

Ɗan Wamakko, zuma da tafarnuwa a abinci ba mai hana shi, amma cewa ya huta da maganinsa ganganci ne. Aspirin da clopidogrel su ke hana jini sake daskarewa a jijiyar nan.

Alhaji, ƙwayoyin ƙarƙashin harshe, GTN, ba sa jure zafi da iska. In an buɗe kwalbar, bayan sati takwas sai a canza. Naku sun yi wata bakwai a aljihu a garin Sakkwato, da wuya in da sauran ƙarfi a cikinsu. Ku sayi sabo, ko na fesawa wanda ya fi daɗewa, kuma a zaune ake sa shi don yana sa jiri. In za a ba ku maganin olsa, ku ce kuna shan clopidogrel, don omeprazole na rage masa ƙarfi. An fi ba da pantoprazole. In bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, a je asibiti ranar. Sai abu ɗaya, ku gafarce ni tunda ɗanku ke karantawa: maganin ƙarfin maza irin su sildenafil, har wanda ake haɗawa a shayi ko a gora, ba ya haɗuwa da GTN. Yana iya faɗar da jini ƙasa har mutum ya suma.

Mai Hatsi, Mabera

Na gode, Allah shi saka da alheri. Kwana goma sha biyu na yi ina rubutu kamar yadda Hajiya 'Yar Arkilla ta ce, ciwon hanyar masallaci ya zo sau takwas. Jiya na kai littafin wajen likitan zuciya, ya karanta shafi-shafi, ya danna ƙirjina, ya ce mai sukan na ƙashi ne, amma ɗayan ba zai bar shi haka ba. Ya ƙara mini magani, ya hana ni ɗaga buhu, ya rubuta takardar angiyogiram zuwa Abuja. Tun da na bar diclofenac ƙunar daren ta ragu sosai. Yanzu na sa waken da na ajiye a kasuwa don haɗa kuɗin tafiya. Wanda ya taɓa kai majinyaci can, kwana nawa ya kamata mu yi shiri, kuma ana barin ɗan rakiya ya kwana?