Musayar Waƙa: Ƙwaro Mai Wutsiyar Kunama

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum, na zo da tambaya,
Wani ƙwaro na gani a hoto na ja baya,
Fukafukai huɗu, dogon baki ya sunkuya,
Wutsiya irin ta kunama. Yana harbi ne, Yaya?

Yaya Malami:
Kwantar da hankali ƙanena, ba shi da ƙari,
Namiji ne kaɗai ke da wannan tsari,
Gaɓar barbara ce ya ɗaga, babu haɗari,
Panorpa ake ce masa, masani Linnaeus tun fari
A 1758 ya sa shi cikin jeri,
Zuriyarsu Mecoptera, gida tara ne na ƙwari,
Iri fiye da 600 aka ƙirga a nazari.

Bakatsiniya:
Yaya ka yabe shi, ka rufe mana halinsa,
Matattun ƙwari ne yawancin abincinsa,
Yanar gizo-gizo yake hawa abinsa,
Ya saci abin da mai saƙa ya ɗaure wa kansa,
Wata ran gizo ya cafke shi, nan ne ƙarshensa.

Yaya Malami:
Ƙanwata, ba duk don cikinsa yake yi ba,
Toshi ne, macen ba ta son hannu rabbana ba,
Mataccen ƙwaro yake kai mata ta duba,
Ko ya tofa yawu ya daskare ta taɓa,
Tana ci ana barbara, ba ta kore shi ba.

Bakatsiniya:
Yawu a toshi? Allah ya kiyaye!
Ka faɗi sauran, kada ka ɓoye,
Wanda ya rasa kyauta da ƙarfi yake riƙe,
Fiffikenta yake matsewa har ta kasa tserewa.

Ɗan Zazzau:
Ku bar faɗa, ku ce min ina ake samunsu,
Ko nan Afirka ma akwai irinsu?

Yaya Malami:
Turai da Asiya da Amurka ta Arewa ne gidansu,
Daji mai laima da inuwa ne wurinsu,
A ƙasa suke ƙwai, can tsutsarsu ke girmansu,
Afirka akwai Bittacidae, 'yan uwansu,
Da ƙafar gaba suke rataya a ganyensu,
Ƙafar baya ke cafko musu abincinsu,
Boreidae kuwa kan dusar ƙanƙara ake ganinsu,
Ba sa tashi, tsalle ne tafiyarsu,
Binciken 2020 ya ce Mecoptera har ƙuma danginsu.

Bakatsiniya:
Ƙuma mai shan jinin karnuka da mutane?
To Yaya, wannan dangi, ka riƙe su, naka ne.