Jakadan da ya sayi kufai da dala 50: ɓarawo ne ko mai adalci?

Malamin tarihi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai ban yarda a kira John Lloyd Stephens ɓarawon kayan tarihi ba. A 1839 Shugaban Amurka Martin Van Buren ya tura shi jakada zuwa Tarayyar Amurka ta Tsakiya, ya tarar ƙasar na wargajewa, Janar Morazán na ɓangaren tarayya da madugun 'yan tawaye Carrera na ta gwabzawa, har ya rasa gwamnatin da zai miƙa wa takardunsa. Sai ya nausa daji tare da mai zane Frederick Catherwood, suka fito wa duniya da labarin tsoffin biranen al'ummar Maya, 'yan asalin yankin.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Malam, ka tsallake inda ƙurjin yake. A Copán, kufan wani birnin Maya da ke Honduras, mai filin yana ɗar-ɗar, ya ƙi sayarwa. Me Stephens ya yi? Ya buɗe akwati, ya zura rigar jakadanci mai manyan maɓallai da hoton mikiya, nan take jikin bawan Allah ya yi sanyi. Dala 50 aka biya. Shi da kansa ya rubuta haka, ba sharri na yi masa ba. Rigar gwamnati a cinikin ƙashin kai, ina adalci a nan?

Ɗalibi: Amma Hajiya, ai bai kwashe Copán ɗin ba.

Hajiya: Ɗana, ba don ya so ba. Niyyarsa a kai duwatsun New York, kogin da ke wurin ne ba ya biyuwa da kaya masu nauyi. Waɗanda ya iya ɗauka fa? Katakan saman ƙofa masu sassaƙa da ya ciro daga Uxmal da Kabah, wasu kufan Maya a ƙasar Meziko, sun ƙone a gobarar ɗakin baje kolin Catherwood a 1842. Ɗaruruwan shekaru suna wurinsu, ya kai su inda wuta ta cinye. Wallahi abin yana min ciwo.

Malamin tarihi: Wannan asara ce, ba na musu. Sai dai ki duba zamanin. Turawa da dama na cewa Misirawa ne ko ɓatattun ƙabilun Bani Isra'ila suka gina biranen, don ba su yarda 'yan ƙasa za su iya ba. Stephens ya je Masar, ya shiga Petra, tsohon birnin da ke ƙasar Jodan ta yau, a 1836, ya gani da idonsa. Ya ce sam, ginin nan ba irin na Masar ba ne, kakannin mutanen da ke zaune a wurin ne suka yi shi. Faɗin haka a 1841 ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya: Na ba shi wannan, Malam. To tunda ya san masu kayan, kuma ga jikokinsu suna sare masa daji da adda, wa ya tambaya a cikinsu kafin ya ciro katakan?